Baƙin Haure da Aikin Ƙwadago a Gonakin Gadarif ta Sudan: Tarihin Wata Muhawara

1.0 Gabatarwa

Daga cikin muhawarorin da ba su tsufa a tsakanin al'ummomin duniya akwai muhawarar baƙi da aikin yi. Wasu na ganin baƙin da ke shiga ƙasa ba tare da izini ba su ne ke ƙwace wa matasa da talakawa ƙananan ayyukan da suke rufa wa kansu asiri da su, su kuma karya farashin ƙwadago. Wasu kuwa na ganin baƙin suna yin ayyukan da 'yan ƙasa suka riga suka guje wa ne. An yi wannan ja-in-ja a Gana a 1969, an yi ta a Nijeriya a 1983, an kuma daɗe ana yin ta a Amurka da ƙasashen Turai.

Wannan takarda za ta dubi muhawarar ne ta fuskar tarihin wuri guda, wato yankin Gadarif da ke gabashin ƙasar Sudan, dab da iyakar Habasha. An zaɓi Gadarif saboda dalilai biyu. Na farko, yankin shi ne cibiyar noman dawa da riɗi ta Sudan, kuma tun da aka fara noman inji a can gonakinsa ba su taɓa wadatuwa da hannun mutanen gari kaɗai ba. Na biyu, Hausawa suna cikin labarin dumu-dumu. Kakanninsu sun isa can a matsayin baƙi, aka daɗe ana kiran su baƙi, daga bisani kuma wasu al'ummomi suka gaji sunan. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa arhar ƙwadago a Gadarif ta samo asali ne daga yadda aka raba ƙasar noma da yadda doka ta bar lebura ba kariya, kuma sunan "baƙo" ya yi ta sauka daga kan wata al'umma yana hawa kan wata, alhali halin da lebura ke ciki bai sauya ba.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin tarihin, ya dace a yi wa ɗalibi bayanin wasu kalmomi da za a riƙa cin karo da su.

Baƙin haure: haure shi ne wurin da ganuwar gari ta zube ko ta yi ƙasa, inda mutum kan haura ya shiga ba tare da ya bi ta ƙofa ba. Daga nan aka samo sunan waɗanda suka shiga wata ƙasa ba su bi ta hannun hukuma ba.

Cin rani: barin gida bayan an gama girbi a tafi wani wuri neman kuɗi, a dawo kafin faɗuwar damina. Kafofin watsa labarai sun faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa duk wanda ya bar ƙasarsa neman abinci.

Ƙwadago da jinga: ƙwadago shi ne aikin ƙarfi da ake yi wa wani don a biya, jinga kuwa ita ce yarjejeniya a kan ladan wani yanki na aiki, ko an gama shi a yini ɗaya ko a kwana goma.

Takari da Fallata: sunaye ne da mutanen Sudan ke kiran waɗanda suka fito daga Afirka ta Yamma. Takari ta fito ne daga Takruri, jam'inta Takarir. Fallata kuwa asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma a Sudan sai ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari da wasunsu a kwando ɗaya.

Jango: sunan da ake kiran leburorin da ke yawo daga gona zuwa gona a gabashin Sudan, ko daga wace ƙabila suka fito. Marubucin nan ɗan Sudan, Abdul'aziz Baraka Sakin, ya gina wani littafinsa na ƙagaggen labari a kan rayuwarsu, wanda ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009, daga baya hukuma ta hana sayar da shi.

3.0 Gadarif Kafin Zuwan Tarakta

Ƙasar Gadarif shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. Ruwan sama kan sauka daga wajejen Yuni zuwa Oktoba, yana kuma ƙaruwa idan aka nufi kudu. Kogunan Atbara da Sitit da Rahad suna ratsa gefunan filin, amma tsakiyarsa ba ta da ruwan sha sai na tafkunan da aka haƙa, waɗanda ake kira hafir. A da can makiyayan Larabawa irin su Shukuriyya da Dubaniyya ne ke yawo da dabbobinsu a ciki, kasuwar garin ma da sunan gidan sarautar Shukuriyya aka san ta, wato Suk Abu Sin.

Mutanen yamma sun daɗe da sanin wannan hanya, domin mahajjata kan bi ta nan su nufi bakin Bahar Maliya. Wasu kan tsaya su yi noma don su tara guzuri, wasu kuma tsayawar kan zama zama na dindindin. A garin Galabat da ke kan iyakar Habasha, Takarir sun kafa al'umma mai shugabanta tun a ƙarni na 19, kuma Baturen nan mai yawon bincike, Samuel Baker, ya iske su a can a 1862. To amma zamanin Mahadiyya ya yi wa yankin mummunar illa. Yaƙe-yaƙen kan iyaka, waɗanda suka haɗa da yaƙin Galabat na Maris 1889 inda Sarkin Habasha Yohanis na Huɗu ya rasa ransa, da kuma yunwar da ake kira Sanat Sitta, wato ta shekarar 1306 ta Hijira, sun kwashe jama'a da yawa. Saboda haka da Turawan Ingila da Masarawa suka ci ƙasar a 1898, sai suka tarar da fili mai albarka amma ba masu noma shi.

A daidai wannan lokaci ne ƙasar Hausa ta shiga hannun Turawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a wajejen 1906. Wasu kuma suka biyo baya, masu niyyar hajji da masu gudun haraji da aikin tilas na Turawan Faransa. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi maraba da su, domin tana cikin ƙishirwar leburori. An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, layin dogo kuma ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. Hausawa da Fulani da Barebari suka kafa ƙauyuka a bakin kogunan yankin, suna noman lambu da su da ƙwadago. A wancan zamani ba wanda ya kira su baƙin haure, domin hukuma ce da kanta ta buɗe musu ƙofa.

4.0 Noman Inji da Ƙishirwar Lebura

A tsakanin 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin Gadarif, da nufin ciyar da sojojin Ingila da ke gabashin Afirka. Daga 1954 aka buɗe wa masu zaman kansu ƙofa, sannan a 1968 aka kafa Hukumar Noman Inji da tallafin Bankin Duniya. Hukumar ta riƙa yanka filaye tana bayarwa haya, kowace gona faddan 1,000 zuwa 1,500. Faddan ɗaya ya ɗara eka ɗaya kaɗan, wato kimanin hekta 0.42. A 1970 kuma aka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Da yake mafi yawan manoman ƙauye da makiyaya ba su da takarda a kan gonaki da burtalolinsu, sai ya zama an sami hanyar raba filayen ga masu jari. Waɗanda suka fi cin moriya su ne 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja, da yawansu ma a birni suke zaune. Baya ga gonakin da aka yanka bisa tsari, wasu masu hali sun share dazuzzuka sun yi gonaki ba tare da izini ba, har noman ya mamaye miliyoyin faddan.

Abin lura a nan shi ne, sunan "noman inji" yana iya ruɗin mai karatu. Shekaru da dama aikin tarakta bai wuce huɗa da shuka ba. Cire ciyawa da hannu ake yi, yankan riɗi da lauje, yankan kan dawa ma da hannu, kafin a kai wa injin sussuka. Wato tarakta ta ba mutum ɗaya damar shuka filin da ƙauye guda ba zai iya nomewa ba, ta haka sai ta ninka bukatar lebura maimakon ta rage ta. Bugu da ƙari, bukatar ba ta shekara ce gaba ɗaya ba. Ana neman hannu da yawa a Agusta don ciyawa, sai Oktoba don riɗi, sai Nuwamba zuwa Janairu don dawa. Riɗi ya fi kowanne tsanani, domin idan ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwansonsa kan fashe ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Daga nan kuma sai a shafe watanni ba aiki. Babu garin da zai iya rayuwa a kan aikin wata huɗu ko biyar kaɗai, saboda haka tsarin da kansa ya tanadi cewa dole leburori su zo daga nesa, su yi aiki, su watse. Ana iya cewa cin rani ne da aka juya, domin a nan da damina da kaka ake zuwa.

Da jinga ake yin mafi yawan aikin. Leburori kan kwana a bukkokin da ke cikin gona, nesa da gari da asibiti, mai gona ko wakilinsa ya kawo musu garin dawa da busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi da ruwan sha. Wanda ke riƙe da abinci da ruwa da motar fita daga daji kuwa, shi ke da rinjaye a wajen ciniki.

5.0 Doka da Iyakar Zama Ɗan Ƙasa

Da aka doshi samun mulkin kai, sai tambayar wane ne ɗan Sudan ta taso. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda aka yi bayan samun mulkin kai a 1956, ta riƙe wannan rana. Idan aka lura, mutanen Mai Wurno sun iso ne bayan 1903, saboda haka alƙalami ɗaya ya fitar da su da 'ya'yansu da aka haifa a Sudan daga sahun 'yan ƙasa. Ba su haura ganuwar kowa ba, ganuwar ce aka gina ta bayan sun riga sun zauna. Daga baya an sassauta, aka mayar da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956. Duk da haka samun takardar shaida ya ci gaba da yi wa da yawansu wuya, domin akan nemi su kawo shaidun da ba a neman wasu ƙabilu su kawo.

Tasirin wannan a kan aikin yi a bayyane yake. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ba ya samun babbar gona daga hukuma, ba ya samun bashin banki, ba ya shiga aikin gwamnati. Abin da ya rage masa shi ne ƙarfinsa. Masanin nan Jay O'Brien, wanda ya yi nazarin leburorin gona a Sudan, ya nuna cewa matsayin da aka ajiye mutanen yamma a kasuwar ƙwadago ya taimaka wajen dunƙule ƙabilu daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya na Fallata. Mark Duffield ma ya bi diddigin rayuwar mutanen Mai Wurno a littafinsa na 1981, haka kuma Al-Amin Abu-Manga da Catherine Miller sun yi rubutu a 2005 a kan yadda Fallata suka zauna a jihar Gadarif.

Har ila yau, akwai wata doka da ta shafi kowane lebura, baƙo ko ɗan ƙasa. Dokar Ƙwadago ta 1997 ta cire leburorin gona, in ban da masu sarrafa injuna, da masu aikin wucin gadi da 'yan aikin gida daga cikin waɗanda take ba kariya. Wato ayyukan da ake ta jayayya a kansu su ne ainihin ayyukan da doka ta kawar da kai daga gare su.

Raɗaɗin wannan tarihi bai gushe ba. A Oktoban 2008 Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas bayan jaridar Al-Ayyam ta danganta wa Shugaba Umar al-Bashir maganar da ke nuna shakka a kan zamansu 'yan ƙasa, maganar da aka musanta daga baya. A Yulin 2022 ma sun sake fitowa, bayan kashe-kashen da aka yi a jihar Nil Azrak a kan neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu.

6.0 Baƙi Bayan Baƙi

Daga 1967 'yan gudun hijirar Eritiriya suka fara kwararowa gabashin Sudan, daga baya Habashawa suka biyo. Dokar Mafaka ta 1974 ta taƙaita musu zirga-zirga, ta kuma hana su mallakar ƙasa. Gwamnati ta kafa musu matsugunai iri-iri. A wasu an ba kowane gida 'yar gona, wasu kuwa da gangan aka kafa su kusa da manyan gonaki don mazaunansu su rayu da ƙwadago. Wannan ya zo daidai da lokacin da arzikin man fetur ya fara jan 'yan Sudan zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa bayan 1973, da kuma buɗe gonakin ban-ruwa na Rahad a 1977, waɗanda su ma suke neman masu tsinkar auduga. Sake ɓarkewar yaƙin kudu a 1983 da farin 1984 zuwa 1985 suka ƙaro wasu leburorin daga kudancin ƙasar da Duwatsun Nuba da Darfur da Kurdufan da Cadi da Tigirai.

Sai kuma abin da ya faru a 2011. Ranar 9 ga Yuli Sudan ta Kudu ta ɓalle, aka gyara dokar zama ɗan ƙasa ta yadda mutanen kudu suka rasa matsayinsu na 'yan Sudan, aka ba su zuwa Afrilun 2012 su daidaita takardunsu ko su tafi. Mutanen da suka shekara da shekaru suna yanka dawar Gadarif a matsayin 'yan ƙasa sun wayi gari baƙi. Tafiyarsu ta bar giɓi, kuma Habashawa masu zuwa aikin kaka, galibi matasa daga yankunan Amhara da Tigirai, su suka fi cike shi. Wasu kan shigo ta Galabat da takardar izini ta wucin gadi, da yawa kuma kan ratso daji su tsallako kogi. Su ne a wannan zamani aka fi liƙa wa sunan baƙin haure, musamman bayan 2014, lokacin da Sudan ta yi dokar yaƙi da fataucin mutane, ta kuma shiga yarjejeniya da Tarayyar Turai a kan daƙile hanyoyin ƙaura.

A 2020 abubuwa uku suka haɗu. Annobar korona ta sa an rufe iyaka, yaƙin Tigirai ya ɓarke a Nuwamba, sojojin Sudan kuma suka shiga filayen Fashaga da aka daɗe ana taƙaddama a kansu da manoman Habasha. 'Yan gudun hijira wajen 60,000 suka shigo, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, aka kafa na Tunaidiba a farkon 2021. A lokaci guda kuma masu gonaki suna kukan ƙarancin leburorin da suka saba zuwa. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, musamman da aka ci Wad Madani a Disamban wannan shekara, ɗaruruwan dubban 'yan Sudan da suka rasa muhallinsu suka sauka a jihar, su ma suna neman abin sakawa a baki.

7.0 Muhawarar da Matsayin Matasa

Masu ƙorafi da baƙi suna da hujjojinsu, kuma bai dace a yi watsi da su ba. Suna cewa mutumin da ba shi da takarda ba ya iya kai ƙara idan an danne masa haƙƙi, saboda haka zai karɓi jingar da ɗan ƙasa zai ƙi. Suna cewa yaron da ya tashi a ƙauyen da ke gefen babbar gona, wanda a da yakan samu kuɗin makaranta ko na tufafin salla daga cire ciyawa lokacin damina, yanzu sai ya tarar wakilin mai gona ya riga ya ɗebo ayari daga kan iyaka. A cikin gari ma ana jin irin wannan kuka game da dako a kasuwar amfanin gona da sayar da shayi da aikatau a gidaje. Masu gonaki kuwa cewa suke yi idan babu baƙi riɗi zai zube a gona, ƙasa ta rasa kuɗin waje, dawa ta yi tsada a bakin talaka.

Tarihin Gadarif ya ba da damar a auna waɗannan hujjoji, domin an sami lokutan da baƙin suka ragu. Bayan 2011, da mutanen kudu suka tafi, matasan ƙasar ba su yi tururuwa zuwa gonaki ba. A daidai lokacin ne haƙar zinariya ta hannu ta bunƙasa a Sudan, har aka ƙiyasta masu yin ta sun haura miliyan 1. Matashi ya gwammace ya tafi ramin zinariya duk da haɗarinsa, ko ya tuƙa babur mai ƙafa uku a gari, ko ya nemi hanyar ƙetare, da ya kwana a bukkar gona a kan ladan da ba zai kai shi rani ba. Masu gonaki kuma, maimakon su gyara yanayin aikin, sai suka nemi wasu baƙin, masu ƙarfi daga cikinsu kuma suka ƙara karkata ga maganin kashe ciyawa da injin girbi.

To wane ne zuwan sababbin leburori ya fi taɓawa? Wanda ke gogayya da su kafaɗa da kafaɗa a kan aiki ɗaya, wato Jangon da ba shi da gona ba shi da sana'a, wanda shi ma galibi ɗan baƙin jiya ne, ko ɗan ƙauyen da babbar gona ta haɗiye filinsu. Shi ne jingarsa ke faɗuwa idan hannaye suka yi yawa. Wanda ke da gona ko mota ko shago kuwa, yawan leburori riba ce a gare shi. Haka nan akwai wani ɓangare da muhawarar kan manta da shi, wato da yawan baƙin su kansu matasa ne. Dokar Yara ta 2010 ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aiki, amma ta keɓe kiwo da noman da ba su da haɗari. Saboda haka a gonakin Gadarif sau da yawa matashi ne ke gogayya da matashi ɗan'uwansa, mai gona yana gefe yana zaɓar mai arha.

8.0 Abin da Aka Gani a Wasu Ƙasashe

Kwatanta Gadarif da wasu wurare zai ƙara haskaka batun. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, cikinsu har da Hausawa da Yarabawan da aka haifa a can. Gonakin koko, waɗanda suka dogara da leburori daga arewa da maƙwabtan ƙasashe, suna cikin waɗanda suka ji jiki. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, aka ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 sun fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Korar ba ta magance rashin aikin yi ba, domin tushen matsalar faɗuwar farashin man fetur ne.

A Amurka ne masana tattalin arziki suka fi zurfafa bincike. A 1980 'yan Kuba kimanin 125,000 suka tashi daga tashar Mariyel, da yawansu suka zauna a birnin Mayami, masu neman aiki a birnin suka ƙaru da kashi 7 cikin 100. David Card ya nuna a 1990 cewa ladan marasa ƙwarewa bai faɗi ba ta yadda za a lura. George Borjas ya sake duba alƙaluman a 2017 ya ce ladan mazan da ba su gama sakandare ba ya faɗi da kashi 10 zuwa 30 cikin 100, wasu masana kuma suka soki ƙanƙantar adadin mutanen da ya yi lissafi da su. Game da matasa kuwa, binciken Christopher Smith na 2012 ya nuna shigowar baƙi marasa ƙwarewa ta fi rage wa 'yan shekara goma sha aiki fiye da manya. Sai dai binciken da ya fi kusa da halin Gadarif shi ne na Clemens da Lewis da Postel na 2018, a kan rufe shirin Barasero a ƙarshen 1964, wanda a ƙarƙashinsa leburorin Meziko ke zuwa aikin gona. Sun gano cewa ladan leburorin gona 'yan ƙasa bai tashi ba saboda rufe shirin. Manoma sun koma ga injuna ne, kamar na tsinkar tumatir, ko suka sauya abin da suke shukawa.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin ƙwadago a Gadarif tun daga Takarir na Galabat da masu hijirar Mai Wurno, zuwa 'yan gudun hijirar Eritiriya, da mutanen kudu, da matasan Habasha. An ga yadda noman inji ya haifar da bukatar leburori masu zuwa su tafi, da yadda dokokin 1948 da 1957 da gyaran 2011 suka mayar da mazauna baƙi ba tare da sun motsa daga inda suke ba. An kuma ga cewa gogayya da sababbin zuwa gaskiya ce, amma nauyinta yana kan mafi talaucin leburori, kuma raguwar baƙi ba ta mayar da matasan ƙasa gonaki ba.

Hausawa kan ce, "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Tarihin Gadarif ya nuna raɓar kan daɗe har ta yi saiwa, kuma takarda ce ke yanke hukuncin wane ne raɓa, wane ne kaba. Saboda haka duk mai son kare aikin matasa da ladan talaka a irin wannan wuri, wajibi ne ya fara da tambayar wa ke da ƙasar, wace doka ce ke kare mai yankan riɗi, kuma ina zai kai ƙara idan an hana shi jingarsa. Muddin aka bar lebura ɗaya a gona ba shi da bakin magana, to ladansa ne zai zama ma'aunin ladan sauran.